Tsohuwar Muciyar Brynjulf

Tun da kafaɗar Brynjulf ta ƙi ɗaguwa, ya yanke cewa dafa giya ya ƙare a gonarsa. Zoben katakon da yis ɗin gidan, wato sinadarin da ke sa giya ta tashi, ke bushe a jikinsa tun zamanin kakanni zai koma hannun Sjur, ɗan baffansa da ke ƙasan kwari. 'Yarsa Aslaug ta ji wannan magana har cikin ƙashinta. Ita da ta girma tana jidar masa itace da rassan junifa, bishiyar da ake dafa ruwan giya da ita, ashe ba a ma lissafa da ita.

"Baba, bar ni in dafa ta Kirsimetin bana. In ta ɓaci, da hannuna zan kai wa Kawu Sjur zoben."

"Ke? To Allah ya ba da sa'a. Ni dai ba na shiga."

Bai shiga ba kam. Ya dai dasa kujera a ƙofar ɗakin dahuwa cikin wannan sanyi, wai iska yake sha.

Ƙa'idar gidan ɗaya ce. Ka juye tsiron sha'ir a gangar katako, ka riƙa zuba ruwan zafin junifa kana tuƙawa, sannan ka kafa muciya a tsakiya. In ta tsaya ƙyam, sai an ƙara ruwa. In ta sunkuya a hankali, ya isa.

Aslaug uwar gyara, sai ta raina tsohuwar muciyar uban, wadda ta tsage ta yi baƙi, ta sa aka sassaƙo mata sabuwa mai kauri. Ta zuba ruwa kaɗan, ta kafa, muciya ta kwanta. Ta yi murmushi, wai ashe abin ba wuya. Da ta zo tuƙawa kuwa, kwaɓin ya riƙe kamar tuwon jiya. Ta ja, ta danna, gumi ya karyo mata.

"Lafiya kike nishi haka?" in ji Brynjulf daga waje. "Giya kike yi ko siminti?"

"Sha iskarka, Baba!"

Amma ta san akwai matsala. Kwaɓi mai wannan kauri ba zai saki zaƙinsa ba, abin da zai tsiyayo kuma ba zai jiƙa maƙoshin maƙwabta ba. Ta ɗaga muciyar don ta sake gwadawa, sai nauyinta ya ba ta amsa. Wannan gungumen ai ko a laka aka kafa shi kwantawa zai yi. Ta miƙa hannu ta sauko da tsohuwar daga ƙusa, shafal da ita. Ta kafa, ta tsaya ƙyam tana mata tsiya.

Aslaug ta fashe da dariya ita kaɗai. Ta ƙara ruwa, ta tuƙa, ta ƙara, har tsohuwa ta rusuna sannu a hankali. Ruwan da ake kwarara wa kwaɓin daga baya don tatso sauran zaƙi kuma ta rage shi, kada giya ta tsinke. Da lokacin zuba yis ya yi, ta kwarma ihun da al'ada ta ce a yi don a farkar da yis, har karen gidan ya ruga bayan rumbu.

Ranar ɗanɗano maƙwabta suka cika ɗakin. Sjur ma ya zo, har da tsumma mai tsabta na naɗe zobe a aljihunsa. Aslaug ta miƙa wa ubanta akushin farko. Ya kurɓa, ya daɗe yana kallon rufi.

"Ba ta kai tawa ba," ya ce, ya miƙo akushin. "Ƙaro."

"To, Brynjulf, zoben fa?" in ji Sjur.

"Wane zobe? Ni yanzu ba ni da zobe. Tambayi mai shi, ga ta nan."

Aslaug ta juya wajen ganga da sauri, wai za ta ɗebo giya, don kada a ga hawayenta.