Sifikun Baba Abdulwasiu

Yayana Ganiyu bai gaji haƙurin Baba ba, sifikunsa ya gada. Manya ne guda biyu na katako, tun muna yara suke falonmu a Fagge. Lallaɓa su yake kamar jarirai, kullum yana kakkaɓe musu ƙura.

Da matarsa Kafayat ta haifi namiji, ya ce sunan Baba za a mayar, Abdulwasiu. Kuma ranar suna kowa zai ji kaset ɗin da marigayin ya yi mana addu'a a ciki, ta sifikun Baban na kansa. Matsalar ita ce amfilifayar gidan, wadda ke ba su ƙarfi, ta daɗe da mutuwa.

Na raka shi Sabon Gari, shagon Kenechukwu. Mutumin ya duba hoton bayan sifikun a waya, ya sauko da wata babbar amfilifaya.

"Ƙona su za ta yi," in ji Ganiyu. "Tsofaffi ne. Ba ni ƙarama."

"Alhaji, ƙarama in ka murɗe ta har ƙarshe, sautin yagewa yake yi," in ji Kenechukwu. "Wannan yagewar ce ke cin sifika."

Ganiyu ya raɗa mini cewa ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne. Muka dawo da wata 'yar mitsitsiya, yana ta yabon wayonsa har muka kai shataletalen Bata.

Ranar suna da hantsi gida ya cika. Ya sa kaset. Baba ya fara bisimilla, ni kuwa hawaye suka cika mini ido, don na yi kewar muryar nan ba kaɗan ba. Amma wa zai sa matan gidanmu su yi shiru ana rabon shinkafa? Ganiyu ya murɗa. Ba a ji ba. Ya ƙara murɗawa, har maɓallin ya ƙi gaba.

Muryar Baba ta shiga karkarwa da tsatsa. Sai ƙauri ya tashi. Daga nan addu'ar ta koma gunguni, kamar an danne masa baki da matashi, daidai inda yake ambaton sunayenmu.

Yanzu kam kowa ya yi tsit. Ganiyu ya durƙusa yana shinshina katakon.

Inna, mahaifiyarmu, ta gyara wa jaririn zani, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ko da ransa, Ganiyu, ba ka taɓa barinsa ya ƙarasa magana ba."