Takardar Ta Ce Lafiyarta Ƙalau

Sati uku ne tsakanin haihuwar Malama da ta ƙanwarta Auta, don haka rana ɗaya suka kai jariransu awo asibiti. Nas ta miƙa wa kowacce takarda mai tambayoyi goma: kina dariya kamar da, kina kuka ba dalili, kina yawan firgita.

Shekara tara Malama ta yi tana duba jarrabawar yara, ta san amsar da ake so. Minti biyu ta gama. Auta kuwa tana kai tambaya ta uku ta fashe da kuka, aka ja ta ɗakin likita.

"Ke kam lafiyarki ƙalau," nas ta ce wa Malama.

Tun daga ranar hankalin kowa ya koma kan Auta. Mama ta tattara kayanta ta tare can. Mijin Auta ya ɗauki hutu. Duk Talata sai nas ta bugo mata waya.

Malama na gidanta, falo a share, kayan jariri a goge. Sai dai in ta ɗora yaron a nono, ji take kamar ɗan wata aka ba ta riƙo. Takardar ba ta tambayi wannan ba. Kuka ma ya ƙi zo mata.

Ran da ta leƙa gidan Auta, ta tarar Mama na taje mata kai.

"'Yar gata," in ji Malama. "Har damuwa ma taki ta fi ta kowa daraja."

"Haba," in ji Mama, "ke da kike da ƙarfin hali?"

"Wa ya tambaye ni?"

Auta ta dubi yaron Malama da aka ajiye can ƙarshen kujera.

"Yaya, tunda kika shigo ba ki kalle shi ba."

Sai a lokacin Malama ta juya ta kalle shi.

Washegari Auta ta raka ta wurin likita. Ya ajiye biro, ya saurare ta kusan awa guda, ya sa mata ranar dawowa.

Mama ta raba satinta biyu: kwana huɗu gidan Auta, uku gidan Malama. Wata biyu aka yi kafin Malama ta fara yi wa ɗanta wasa. Maganar kwana ɗayan nan da Auta ta fi ta kuwa, har yau Malama ba ta bar ta ba.