Burodin Arba'in ɗin Nestor

Kwana talatin da takwas da rasuwar Nestor aka zo sauya injin ɗumama gidan. Shi da kansa ya zaɓi sabon tun kafin sanyi ya kama, ya ce ya gaji da ƙara wa talabijin murya duk lokacin da tsohon injin ya tashi. Bai kai ga ganinsa ba. Matarsa Orysia ba ta hana ba, tunda abin da mai gida ya so ne.

Wes, mai gyaran injinan ɗumi a garin Dauphin, ya wuni a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da la'asar ya hauro yana goge hannu a wando.

"Mama, an gama. Yanzu haka yana aiki."

Ta kasa kunne. "Ina?"

"Ai daɗinsa ke nan. Kyanwa ma ta fi shi surutu."

Washegari ta tashi da aikin kolac, burodin nan da ake kitsawa a zagaye. Guda uku ake kaiwa coci ranar addu'ar arba'in, a ɗora ɗaya bisa ɗaya, a kafa kyandir a tsakiyar na sama. Ta yi wa matattun gari da yawa. Na mijinta kuwa ta riga ta ce ba hannun da zai taɓa sai nata.

Ta kwaɓa fulawa da madara da ƙwai da man shanu, ta rufe kwanon da tawul, ta ɗora bisa ragar ƙarfen da ke daɓen kicin, inda iskar ɗumi ke fitowa. Shekara talatin da ɗaya haka take yi, kuma ba ta taɓa duba agogo ba. Tsohon injin yakan yi tari, ya yi ruri har cokula su kaɗa, sannan ya mutu. In ya yi haka sau uku, kwaɓi ya tashi. Nestor yakan ƙirga mata daga kujerarsa, ko kai bai ɗago daga jarida ba.

Ta shiga ɗaki tana ninke rigunansa, kunnenta na jiran ruri. Ta sami alewar tari a aljihun wata, ta sami ƙusa biyu a wata. Ta zauna bakin gado da rigar farautarsa a cinya. Gidan da ɗumi, shiru kuma, har ta manta tana jiran wani abu.

Muryar Pearl, ƙanwar Nestor, ce ta dawo da ita.

"Matar yaya! Giya kike dafawa a gidan nan ko burodi?"

Orysia ta fito da sauri. Kwaɓin ya ture tawul, ya zubo ta gefen kwano, ya shige ramukan ragar, tsakiyarsa ya faɗa. Tsami ya cika kicin. Ta tsaya kansa, hannu a ƙirji.

"Ko sau ɗaya bai yi ba," ta ce.

"Wa?"

"Injin."

Ta kira Wes a waya, ko gaisuwa babu. "Ɗana, abin nan naka ba ya aiki."

"Sanyi kike ji, Mama?"

"Ba na ji."

"To ai yana aiki."

"Ba ya tashi, ba ya mutuwa. Ya ɓata min burodi."

Sai da ta yi masa bayani sau biyu ya gane. Ya ce sabon ba ya tsayawa, a hankali yake hurawa wuni guda. Ta tambaye shi ko akwai abin da za a murɗa ya riƙa ƙara. Ya yi dariya, sannan ya tuna na wane ne burodin, ya ba ta haƙuri. Babu abin murɗawa.

Pearl na durƙushe tana ƙwaƙulo kwaɓi daga raga da wuƙar man shanu. "Gidan burodi na nan a buɗe," ta ce. "Fada a coci ba zai tambayi wa ya kitsa ba."

"Nestor bai taɓa cin na kanti ba."

"Yana ci. Duk Talata, a mota, da ni. Tsoronki yake."

Orysia ta harare ta, sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye.

Rana ta riga ta raba. Fulawa ta isa kwaɓi ɗaya, ƙwai ne babu. Pearl ta ja takalmin ƙanƙara ta tsallaka titi zuwa gidanta, ta dawo da shida a aljihun kwat. Orysia ta sake kwaɓawa, kafaɗunta na ciwo. Ta ɗora kwanon a inda ta saba, ta tsaya tana kallonsa, ba ta san abin da za ta jira ba.

"Kin manta gidan gonarmu?" in ji Pearl. "Murhun itace ne. Wa ke ƙirga wa Inna?"

Orysia ta tuna. Tana amarya, surukarta ta taɓa kama mata yatsa ta danna a kwaɓi. In ramin ya cike nan take, da saura. In ya dawo a hankali ya bar ɗan gurbi, ya yi.

Suka jawo kujeru kusa da ragar, suka haɗa shayi. Iskar na fitowa sannu-sannu, tana ɗumama musu idon sawu. Pearl ta kawo labarin yadda Nestor ya taɓa faɗawa rijiya yana bin ɗan maraƙi, kuma Orysia ta ji kowace kalma, ba wanda ya ɗaga murya. Can ta ɗaga tawul ta danna. Ramin ya cike.

"Da saura."

"Ki bar shi mana, sai taɓa shi kike kamar jariri."

A dannawa ta huɗu gurbin ya tsaya. Ta juye kwaɓin bisa tebur, ta raba, ta murza igiyoyi, ta kitsa burodi uku. Pearl ta miƙo hannu za ta taimaka, ta sha duka a bayan hannu. Suka bar su suka sake tashi, wannan karon ma yatsa ne ya yanke hukunci. Ta shafe su da ƙwai ta sa a tanda.

Rana na shirin faɗuwa suka fito, jajur, suna sheƙi. Biyu sun zauna daidai. Na ukun ya ɗan karkace gefe guda.

Pearl ta zagaya shi tana leƙe. "Wannan a sa shi ƙasa, ba mai gani."

Orysia ta ƙwanƙwasa gindinsa, ya amsa yadda take so. Ta ɗora biyun ɗaya bisa ɗaya, ta sa karkataccen a sama, ta gwada kyandir a tsakiyarsa. Ya tsaya.

"Haka za a kai shi," ta ce. "Ki zo da mota gobe ƙarfe tara, kuma ki tuƙa a hankali, ni zan riƙe su a cinya."