Ƙullin Likkafanin Kallamu

Sau goma sha huɗu na mutu a Panyu ta ƙasar Sin, kuma babu mutuwar da na yi ba a tuntsire da dariya ba. Sana'ata ke nan daga 1996 zuwa 1999, ni Barmo ɗan Malam Umar Faruƙ na Dandago. A gida kuwa an ɗauka ina haɗa wa 'yan Kantin Kwari kaya a kwantena, don abin da nake rubuta musu a wasiƙa ke nan.

Da gaske kaya na zo saye a birnin Guangzhou. Ina tsaye a kasuwar Shahe ina jayayya da wata mata a kan dilar riguna, tana ce mini "meyo", wato babu, ni kuma ina nuna mata dilar da yatsa, sai wani gajere mai hular hana-sallah ya ja ya tsaya yana ƙare mini kallo. Sunansa Lau, daraktan fim ne. Ba kyau ya gani ba, Allah na gani. Tsawona ne ya burge shi, da ramata, da yadda idanuna ke firfitowa idan raina ya ɓaci.

A Panyu, can gefen birnin, a wata tsohuwar masana'antar takalma da aka rufe suke aikinsu. Finafinan ba sa zuwa silima, a faifai ake buga su a zube a bakin titi, rabi tsoro rabi shashanci. Na yi aljanin da ke zaune cikin tukunyar shinkafa. Na yi boka mai maganin sanƙo. Na yi maigadin da fatalwa ke fara cinyewa tun mai kallo bai gyara zama ba. Ban taɓa zama jarumi ba, ba a kuma taɓa ba ni maganar da ta wuce kalma biyar ba, amma ɗalibai da ma'aikatan masana'antu sun haddace ni tsaf. Suka sa mini suna da yarensu, wai Dogon Fatalwa. Kada in yi muku ƙarya, na ji daɗin abin. Mutumin da a Kano ko gaisuwarsa ba a amsawa da kyau, ga shi ana tare shi a tashar bas ana so ya zare ido.

A fim na tara na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Lau ya gaji da gawarwakinsu masu tsalle cikin rigunan sarakunan da. Ya sa tafinta ya tambaye ni yadda muke shirya mamaci a ƙasarmu.

To, mahaifina shi ne mai wankan gawa na unguwarmu shekara arba'in. Tun ina ɗan shekara goma sha biyar nake riƙe masa buta. Bai taɓa ba wa kowa labarin abin da ya gani a jikin mamaci ba, ko uwarmu. Ni kuwa tambaya ɗaya Lau ya yi mini, na zauna a kan kwalin takalma na zazzage masa komai. Na nuna musu yadda ake yi wa gawa alwala, a fara da dama, a sa kafur a ruwan ƙarshe. Na sa aka sayo farin yadi, na yanka shi da hannuna, na yage ƙyalle uku na ɗauri: ɗaya a kai, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙafa. Ba wanda ya matsa mini. So nake su ce na iya.

Suka mayar da shi abin dariya, kuma sun iya. An naɗe ni a likkafani, mai wanka ya juya baya, ƙamshin kafur ya shige mini hanci, sai in yi wata uwar atishawa, ɗauri uku su warware lokaci guda, in miƙe ina tsalle ina bin sa. Sai dai ƙullin da na koya a wurin Malam ya ƙi warwarewa, don an yi shi ne ya riƙe mamaci a kan makara har bakin kabari. Sai matar da ke kula da kayan wasa ta koya mini nata ƙullin, wanda in ka gan shi za ka rantse ya ɗauru, amma motsi kaɗan ke buɗe shi. Sau talatin da wani abu muka maimaita wannan fitowa. Faifan ya yi kasuwa yadda ba su zata ba, har aka yi wasu huɗu a bayansa, duk da likkafani, duk da atishawa. A biyu daga ciki ni ne ma mai ɗaure 'yan'uwana fatalwa.

Hausawan garin a lokacin ba mu fi ashirin ba, kuma magana ba ta kwana a tsakaninmu. Wani mai shago a layin Shisanhang ya sa faifan a talabijin ɗinsa, ya kira su da murna su zo su ga ɗan'uwansu. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Gaisuwa dai ta gajarce. Idan aka zauna cin tuwo a ɗakin wani ranar Juma'a, sai daga baya nake ji. Babbanmu, Alhaji Maidaji, ɗan Kofar Wambai mai sayen yadi, wanda ya san mahaifina tun suna samari, ko sau ɗaya bai tayar mini da zancen ba. Ni ma sai na daina bin layin otal ɗinsa.

Shi ya sa da na buɗe ƙofa wata Laraba da hantsi na gan shi a tsaye yana haki, bayan ya hau bene shida, gabana ya faɗi.

"Barmo, an yi mana rasuwa," ya ce. "Kallamu na Maraɗi, mai sayen takalma. Ciwon ciki ne, kwana huɗu a asibiti. Limamin masallacin Sinawa ya samo mana izinin binnewa, suna ma da mai wankansu. Amma marigayin ya bar wa ƙanensa wasiyya, ya ce Bahaushe ya wanke shi, Bahaushe ya ɗaure shi, yadda ake yi a gida."

"Baba Alhaji, ai akwai manya."

"Akwai manyan 'yan kasuwa. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya taɓa shiga ɗakin wanka. Ɗauko hularka."

Na so in ce masa ban cancanta ba, amma ya riga ya juya yana sauka.

A ƙofar asibiti muka tarar da Alhasan, ƙanen marigayin. Makonsa biyu ke nan a Sin, zuwansa na farko, bai san komai a kaina ba. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam Barmo, Allah shi biya ka. An ce mini kai ɗan gado ne." Rabon da wani ya ce mini Malam har na manta. Na ji daɗi, kuma na ji kunyar jin daɗin.

Ana sa gawar a mota sai direban ya ɗago ya gan ni. Fuskarsa ta washe. Ya kira sunana na fim, ya manne hannuwansa a jiki, ya yi atishawar ƙarya, ya yi tsalle uku a gaban motar yana dariya. Ba mugunta ya yi ba, murna yake ya ga wanda yake so. Ma'aikatan asibiti biyu ma suka taya shi.

Alhasan ya dube su, ya dube ni. "Mi wanga mutum yake yi? Yayana yake wa dariya?"

Alhaji Maidaji ya buɗe baki, na san rufa mini asiri zai yi. Na riga shi.

"Ba da yayanka yake ba, da ni yake. Ɗan wasan fim ne ni. Ina sa likkafani in yi gawa mai atishawa, mutane su yi dariya. Yadda ake wankan ma ni na koya musu. Idan ba ka so in taɓa shi, wallahi ba zan ga laifinka ba."

Direban ya gane ba lokacin wasa ba ne ya shige mota. Na zuba wa takalmina ido, ina jiran Alhasan ya kore ni. Gaskiya ma so nake ya kore ni, in koma ɗaki in huta da wannan nauyi.

"Ka iya, ko ba ka iya ba?" ya ce.

"Na iya."

"To ka wanke shi. Abin da ka yi tsakaninka da Allah ne. Ni wasiyya aka ba ni, ita zan kai gida."

Ɗakin wankan yana bayan masallaci, ƙarami ne mai farin tayil. Mu huɗu muka shiga: ni, da Alhasan mai zuba ruwa, da Alhaji Maidaji, da wani tsoho Basine mai farar hula wanda shi ne mai wankansu. Ya koma gefe ya zauna, ya bar mana wurin.

Da na ɗora hannu sai komai ya dawo mini. Na rufe masa al'aura, na matsa cikin a hankali, na yi masa alwala, na fara da dama. Na juya shi yadda Malam ke juya mamaci, kamar mai gudun tashin mai barci. Wurin da na ji tsoro shi ne kafur. Da ƙamshin ya tashi sai na ji hancina yana motsi, abin da na saba yi a gaban kyamara. Na ciji leɓena har na ji gishirin jini, ya wuce. Muka tsane shi, muka shimfiɗa yadi, na naɗe shi. Alhasan na kuka a hankali yana sa mini albarka. A raina na ce, ashe dai ban lalace gaba ɗaya ba.

Na ɗauki ƙyallen farko na ɗaure kai. Na ɗaure tsakiya. Na ɗaure ƙafa. Na ja da baya na ce a kawo makara.

Alhaji Maidaji bai motsa ba. Ya sunkuya yana duban ɗaurin ƙafar, ya sa yatsa ɗaya ya ɗan taɓa shi. Ƙyallen ya zame ya faɗi ƙasa, yadin ya buɗe, tafin ƙafar Kallamu ya bayyana.

"Ba haka Malam yake ɗaurewa ba," ya ce, ƙasa-ƙasa.

Ƙullin matar nan na yi, duka ukun, ban ma san na yi ba. Da an ɗaga makarar nan a kafaɗa, da a tsakiyar titi likkafanin zai buɗe, a gaban mutanen da suka san abin da ke biyo baya.

"Yi haƙuri, Baba Alhaji. Yanzu zan gyara."

Na ɗauki ƙyallen na zagaya da shi. Hannuna ya sake yin na fim. Na kwance, na rufe ido, na nemo hannun mahaifina, yatsunsa masu kaushi, da yadda yake lanƙwasa bakin ƙyallen ta hagu. Ina ganin hannun sarai, amma ban ga inda bakin ke shiga ba. Na gwada ta sama, ya zame. Na gwada ta ƙasa, ya zama ƙullin buhun gero, wanda sai da wuƙa za a kwance shi a kabari. Sau biyar ina gwadawa, Alhasan na tsaye da buta a hannu yana kallona.

"Alhaji, ko kai ka tuna?" na ce.

"Ni gani kawai na sha yi, Barmo. Kai ne aka koya wa."

Aka kira sallar azahar, jama'a na jira a waje. Tsohon nan ya taso daga inda yake zaune. Da ma ba mu da yaren da za mu yi magana da shi. Ya dubi Alhasan kamar mai neman izini. Alhasan ya ɗaga masa kai. Tsohon ya karɓi ƙyallen daga hannuna da ladabi, ya yi bisimilla, ya ɗaure ƙafa, ya kwance sauran biyun ya sake su. Ko minti ɗaya bai yi ba. Ya ja kowanne ya gwada, suka riƙe.

Muka sallace shi, muka kai shi. Na ɗauki makara tare da kowa, ba wanda ya hana ni. Bayan an rufe kabari Alhasan ya zo ya ba ni hannu, ɗaya wannan karon.

"Na gode da wanka, Malam Barmo," ya ce. "In na je Maraɗi uwarmu za ta tambaye ni wa ya wanke shi, wa ya ɗaure shi. Na farko ina da amsa."

Ban koma Panyu ba. Lau ya aiko sau biyu, ya haƙura, ya samo wani dogo. Na yage bakin zanin gadona na zauna ina ɗaure matashin kai, ina kwancewa, mako guda cur, ko hannuna zai tuna. Da na gaji na yanke shawarar in rubuta wa Malam in faɗa masa komai, in roƙe shi ya sake koya mini in na dawo. Wata biyu ina fara wasiƙar ina yagewa, don na rasa yadda zan gaya masa inda na kai ƙullinsa. Ban gama ta ba wasiƙar yayata Hasiya ta iso. Ta ce Malam ya rasu ranar Asabar, ya yi ta tambayar ko na kusa dawowa, don ya ce ni yake so in ɗaure shi.