Haƙorin Goggo Tela

Shekara talatin Goggo Tela tana datse zare da haƙori, ga almakashi kuwa ajiye a gefen keken ɗinki. Da haƙorin ya gaji, sai ya tashi da zogi, har ruwan sanyi ya gagare ta kurɓa.

Autarta ce ta kai ta wurin likitan haƙori. Ya ɗauki hoto, ya nuna mata wani baƙin tabo a gindin saiwar.

"Jijiyar ciki ce ta ruɓe, Mama. Ko mu cire haƙorin, ko mu huda shi mu kwashe jijiyar, mu wanke, mu cike. Amma zuwa biyu ne."

"Da shi zan koma gida," in ji Goggo. "Huda."

Aka kwantar da kujerar, fitila ta haske mata fuska. Allurar kashe zafi ta ɗan cije ta a dasashi, can sai ta ji leɓenta ya yi nauyi kamar na aro. Likita ya shimfiɗa wata 'yar roba a bakinta, haƙorin kaɗai ya leƙo. Injin ya ɗauki kuka. Goggo ta damƙe hannun kujera tana jiran azaba, ba ta zo ba, sai dannawa da girgiza. Ta ga yana zura wasu sirara-siraran allurai yana murzawa a hankali, yana wankewa, yana sakewa. Muƙamuƙinta ya gaji, wuyanta ya ƙage, amma ko motsi ba ta yi ba.

Bayan awa guda ya toshe ramin da cikon wucin gadi.

"Kar ki tauna ta nan. Zai yi tsami kwana biyu ko uku. Ki dawo mako mai zuwa."

A hanya Auta ta yi ta dariya, don duk abin da Goggo ta faɗa sai ya fito a karkace.

Kwana uku ciwo ya ɗauke ɗif. Ranar komawa kuma ɗinki ya yi mata yawa a shago, yayarta ta leƙo ta tarar tana neman mayafi.

"Ina kuma za ki? Ba kin warke ba? Ki bar kayan mutane ki je a sake buɗe miki baki?"

"Yaya, kin taɓa ganin na ba da riga ba kalmasa? Rabin aiki likitan ya yi."

Ta rufe keken, ta tafi ita kaɗai. Likita ya sake yi mata allurar kashe zafi, ya cire cikon, ya sake wankewa, ya cike saiwar har ƙasa, ya gwada murfin da zai rufe haƙorin. Ya ce da ta ƙi dawowa, da ƙwayar cuta ta koma ciki.

Da ta fito ta tsaya bakin titi ta sayi lemo mai ƙanƙara. Leɓen bai gama sakewa ba, rabi ya zuba mata a gaban riga. Ta goge da gefen mayafi, ta tare mota.