Sunan da Ba Ta Kira a Gabansa

Habiba na juya kifi a cikin mai sai waƙar ta sake tashi daga shagon mai cajin waya. Tun da albom ɗin mawaƙi Anas ya fito, tashar Gaya ba ta da wani abin saurare. Direbobin kamiyon na dakon kaya da ke jiran 'yan duwan masu binciken kaya a kan iyaka su sake su suna sa ta, 'yan kabu-kabu suna sa ta, har a Malanbil, hayin gada, ita ce. An ce mawaƙiyar Kwatano da suka yi ta tare ta kai ta har Faransa.

Kiɗan rawa ne, amma a tsakiya sai ganguna su ɗauke, a ji tabarya na faɗawa turmi, mace na waƙar daka. Muryar Habiba ce, tana kiran "Alassan". Nan ne duk tashar ke amsawa da ihu.

Alassan ɗanta ne na fari. Kamar kowace uwa mai kunya, ba ta taɓa kiran sunansa a gabansa ba. "Kai" ne, ko "wancan". Bara motar da ta ɗauko shi daga Kwatano, inda ya je yi wa Anas kiɗan kalangu a sitidiyo, ta kife kafin Kandi. Ya bar duniya bai ji sunansa a bakinta ba, abin da ke cin ta ke nan. Yanzu ga sunan a titi, da muryarta, ana karkaɗa masa kafaɗa.

"Tauraruwa, a ba mu kifi," in ji Rahama mai kunu, tana dariya. Da ta ga fuskar Habiba sai dariyar ta mutu. "Yi haƙuri. Ai Anas ya shigo gari jiya, yana otel ɗin bakin hanyar Doso."

Habiba ta sauke kaskon, ta gyara lulluɓi. "Duba mini faranti."

A ƙofar otel samari sun yi cincirindo, wani ƙato ya tare ta. Anas ya hango ta daga ciki, ya fito da sauri, ya cire baƙin gilashi, ya durƙusa kamar lokacin da yake zuwa gidanta cin tuwo da abokinsa Alassan.

"Inna, da kin aiko ai na zo."

"Ba zama na zo ba. Ka fidda ni daga waƙarka."

Ya kai ta inuwar ɗorawa a bayan otel, ya shiga bayani. Waƙar ba tasa ba ce shi kaɗai. Akwai kamfanin Kwatano, akwai mawaƙiyar, akwai wanda ya haɗa kiɗan. Kuma ita ce ta ɗaga albom ɗin gaba ɗaya, tana cikin wayar kowa. Ko duk sun yarda, ba ta ciruwa.

"To wa ya ba ka muryata? Ban taɓa yin waƙar nan da mutum a gida ba."

Anas ya sunkuyar da kai. "Shi Alassan ya ba ni, Inna. Ya laɓe bayan zana ya ɗauka da wayarsa. Ya ce ko me za a yi, a sa wannan."

"Ya ji?"

Anas ya lalubo wani abu a wayarsa, ya miƙa mata kusa da kunne. Babu ganga, babu mawaƙiyar Kwatano. Tabarya ce kawai, da kukan kaza, da muryarta tana kiran sunan. Can sai aka ji numfashin mutum daf da wayar, yana danne dariya. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Na'am, Inna."

Ta zauna a kan saiwar ɗorawar.

"Me ya sa wannan ba ya cikin waƙar?"

"Mutanen Kwatano suka yanke shi. Sun ce ba ya tafiya da kiɗan."

Hawaye suka bi gefen hancinta. A bakin ƙofa samari na ta kiran Anas ya fito.

"Bar su su jira," in ji ta. "Sake sa mini."