Jan Fitsarin Bilya

Jama'ata, barkanku da hutawa! Ku matso kusa, yau labarin Bilya ɗan garin Turawa na kawo muku, mai shayi a Legas.

Lokacin Bilya na yaro, zafi na shigowa sai dam ɗin Karaye. Shi da sa'o'insa su tuɓe, su yi ta alkafura a ruwa har ido ya kaɗa, su gasa 'yan kifayen da masunta suka jefo musu. In an fito sai a jeru bayan wata tsohuwar kuka a gwada fitsari. Wanda nasa ya fi ja, shi ne namiji. Bilya kuwa har kirari ake masa. Shi ya sa da ya girma, mara na ciwo, jini na zuwa, bai taɓa gaya wa likitan Legas ba. Wa ke kai ƙarar mazantakarsa asibiti?

Bana ya dawo noma da ɗansa Hanif, haifaffen Legas, wanda ya sha alkawarin za a koya masa iyo a dam ɗin nan. A tashar Rogo suka tarar da ma'aikatan lafiya suna gwada 'yan ci-rani. Babbarsu, Hajiya Saude, ta miƙo masa 'yar kwalba.

"Haba Hajiya, kalle ni fa, garau nake!"

"Ɗan nan, zagaya ka ciko min, ka rage surutu."

Da ya kawo, ta ɗaga kwalbar. "Tun yaushe yake haka?"

"Tun ina firamare. Duk Turawa ba wanda ya kamo ni, har kirari ake min!"

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta duba a na'ura, ta ce ya leƙa. Ƙwayaye ne birjik.

"Tsargiya ce. Tsutsar ruwa, ta fata take shiga. Tun ranar da aka yi maka kirari take cin mafitsararka."

Ta ba shi magani, ta ce ya ci tuwo kafin ya sha.

Washegari suka je dam. Kukar na nan, yara na ta tsalle a ruwa, ihun ma irin na da. Kafin Bilya ya juyo, Hanif ya cire riga.

"Baba, ka ce yau!"

Bilya ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya damƙe hannun yaron.

"Mai da rigarka. Zo in koya maka gashin kifi."

Hanif ya ɓare baki da kuka. Uban ma yana ta goge ido, wai hayaƙi ne, alhali ko wutar bai hura ba.

To ku fa, da ku ne a bakin ruwan nan, ya za ku yi da alkawarin?